Abin da Goro Ya Ɗauke Mini

Ƙamshin ɗanyen ganye ne ya fara ɓacewa daga lungunmu na Madabo, sannan mutanen suka bi bayansa. A da, in ka shigo lungun da hantsi, hancinka ne zai fara gaya maka an kwance huhun goro a gidanmu: ƙamshin ganyen fita da aka yayyafa wa ruwa, da na jiƙaƙƙen buhu, da wani ɗaci-ɗaci mai sanyi da ke maƙalewa a maƙogwaro. Yanzu in na zauna a bakin ƙofar ɗakina hayaƙin janareta nake shaƙa. In na leƙa kwata kuma gwangwanaye ne fal, na lemon nan na ƙara kuzari da samari ke kwankwaɗa suna tafe, ba bisimilla, ba tayi. Goro ba haka ake cin sa ba. A zaune ake cin sa, a ɓare shi biyu, a miƙa wa na kusa ɓari guda. Amma kada a ɗauka yabon goro na zo yi. Tsakanina da shi akwai tsohuwar magana, kuma sai da furfura ta gama cinye mini kai sannan na san da ita.

Gidan fataken goro aka kawo ni. Maza su ke tafiya kudu su ɗoro kaya, su ke kai wa kasuwa, amma rayuwar goro a hannun mata take. In aka bar shi a rufe ya gumu, in aka bar shi a buɗe ya bushe, in guda ɗaya ya kamu da sankara, wato tsutsar da ke cin sa ta ciki, to kafin a farga ya shafa wa kwando duka. Don haka kullum bayan an gama shara da wanke-wanke, sai a baje tabarmi a inuwar rumfa, a kwance huhu, mu zauna mu kewaye shi. Har yau kunnena bai manta da ƙarar ba: ƙwas-ƙwas ɗin goro in ya faɗa kwando, da shaf-shaf ɗin ganye, da ƙarar muƙamuƙan mata suna tauna. Uwar mijina, Iya muke ce mata, ita ke zama a tsakiya. Ba ta duban goro da ido, juya shi take yi a tafin hannu ta ce, “Wannan goriya ce, babba mai tsada, ware ta. Wannan ya sha iska. Wannan kuwa kyan fuska gare shi, cikinsa ruɓaɓɓe, kamar wasu mutanen.” Duk wanda ya fashe a hannu, farsa ke nan, ba ya shiga kasuwa, namu ne. Farsa kuwa ba ta ƙarewa. Tun ina yamutsa fuska in na tauna, har na zama in ba goro a kuncina ji nake kamar na fito ba ɗankwali.

Abin da yake yi mana a jiki duk mun san shi, sai dai kowanne mun ba shi wani suna. Ba ma jin yunwa, sai a ce matan gidan nan akwai juriya. Hannu na rawa wajen zura zare a allura, sai a ce gajiya ce. Gaba na faɗuwa haka kawai ana zaune, zuciya na dukan ƙirji kamar ana sakwara, sai Iya ta dafe nata ta ce, “Allah ka jishe mu alheri, wani abu ya sami matafiya.” Sai a yi sadaka, a kuma ɓare wani goron don hankali ya kwanta. In azumi ya kama, ranakun farko gidan kamar an yi rasuwa: kowa ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, ba mai son a yi mata magana, yara na cin duka a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ana kiran magariba, kafin kunu, hannu goro yake nema. Muna goga furen taba a haƙora su yi jawur, muna ganin ado ne. Mutum ɗaya ce a gidan ba ta ci, faccalata, matar yayan mijina. Ita in ta tauna ko ƙwalli, cikinta ke ɗaukar zafi kamar an zuba barkono. Muna yi mata tsiya, muna cewa baki fari fat kamar na jinjiri, a gidan goro! Ita kuwa sai ta yi dariya ta ce, “Ku ci nawa rabon, na yafe.”

Da na sami cikin fari, da gidanmu za a mayar da ni in haihu in yi wanka a gaban uwata, kamar kowace ’ya. To uwata ta riga ta rasu tun ina ƙarama, babu ɗakin da zan koma. A ɗakin Iya na haihu, mace, ’yar mitsitsiya mai yawan gashi. A ɗakin Iya na yi jego: wankan tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, kunun kanwa, nama da yaji. Sai goron barka. Ka tuna gidan fatake ne. Duk wanda ya shigo barka ba zai kawo ƙaramin goro ya ji kunya ba, manya ake zaɓowa, farare tas, a ajiye a gaban maijego. Faifai ya cika, aka kawo ƙwarya. Bakina kuma ba daɗi, komai na sa salam, goro ne kaɗai ke da ɗanɗano. Ga shi ba aikin da nake yi, sai zama da tauna.

Yarinyar ba ta barci. Ba kukan yunwa ba ne, don tana kama nono sosai. Za ta sha ta ƙoshi, ido ya fara lumshewa, sai ta zabura kamar an tsikare ta, hannuwa na karkarwa, ido tar. In ludayi ya faɗi a tsakar gida sai ta firgita ta tsanyare. Tun da ba ta barci, ni ma ba na yi. Da rana in ina gyangyaɗi da ita a cinya, Iya da kanta za ta ɓare goro ta tura mini a hannu ta ce, “Ungo, wartsake, kada ki danne musu ’ya.” Da tausayi take yi, wannan na shaide ta. Ni kuma in tauna, idona ya buɗe, in ba yarinya nono, nata idon ya buɗe. Haka muka yi ta zagaye ni da ita. An kira wanzami ya duba ko belu ne, ya ce ba shi ba ne. An karɓo rubutu, an yi turare, an ɗaura laya. Kuka bai fasa ba, yarinya ta fara zubewa, wuyanta ya yi tsawo.

Wata rana da hantsi, bayan na fito daga wanka jikina na tururi, na tarar an tara tsofaffi a ɗakin. Ungozoma na zaune da ƙaramin ƙoƙo a hannu. Iya ta ce, “Zauna. Nonon za a gwada.”

Na ce, “Iya, ai tana sha.”

“Shan ne ya kawo mu nan. Zauna na ce.”

Aka tatsa a ƙoƙo. Aka kamo tururuwa daga gindin bango aka jefa. Wai in ta yi iyo ta fita, nono lafiya lau. In ta kasa, to da dafi a ciki. Muka zuba mata ido, mata manya-manya, kamar masu jiran hukuncin alƙali. Ta yi ta wutsil-wutsil, ta kama gefen ƙoƙo, ta zame, ta sake kamawa, ta zame. Daga nan ta daina motsi. Ungozoma ta kifar da ƙoƙon ta ce, “Mugun nono ne. Zafi gare shi. In aka bar ta a kai, ba za ta kai yaye ba.” Wata tsohuwa ta ce, “Dama na ga alama, kin ga jijiyoyin nan.” Wata ta ce, “Halan gado ne, wa ya san abin da ya kashe uwar?” Ina zaune ana wannan magana a kaina, da guntun goro a bakina, na kasa taunawa na kasa tofarwa.

Faccalata na goyon namiji a lokacin, ya fara zama. Iya ta ɗauki yarinyar daga cinyata ta miƙa mata ta ce, “Haɗa da wannan, Allah ya ba ki lada.” Faccalata ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce, “Iya, a ɗan ƙara mata kwana biyu mana.” Iya ta ce, “Da ran mutum ake ƙarin kwana?” Ta karɓa. Ba a daɗe ba kuwa yarinya ta fara barci. Barci na sosai, baki a buɗe, hannu a sake, har sai an tashe ta. Kumatu suka fito. Gida ya ɗauka da hamdala, kowa na cewa ga shi nan, ungozoma ta yi gaskiya. Ni kaina na yarda. Me zan ce, ga abu a fili? Ƙirjina ya kumbura ya yi tauri kamar dutse, rigata na jiƙewa duk lokacin da na ji kukanta daga wancan ɗakin, aka ɗaure ni da zane tamau har ya ƙafe.

’Yan yanzu ba za su gane abin da ya hana ni magana ba. ’Yar fari ce. A zamaninmu mace ba ta kallon ɗan farinta a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta san da shi. Wadda ta yi, an dinga nuna ta ke nan a gidan biki ana cewa ga mara kunya. In da uwata na raye, ita za ta tsaya ta ce a sake gwadawa, ko ta ɗauke mu ta tafi da mu. Ni kuwa ko hawaye sai na shiga banɗaki nake yi, in wanke fuska in fito in zauna a bakin huhu. Daga inda nake zama ina hango ƙofar ɗakin faccalata. A nan na ga ta fara zama, na ga ta fara rarrafe, na ga ta miƙe ta kama zanen faccalata. Ta wutsiyar ido na ga duk wannan, hannuna na ware goro. Da bakinta ya buɗe, sai ta riƙa kiran faccalata Inna. Ni kuwa ta ji yaran gida na ce mini Yaya, ita ma ta ce Yaya. In ta faɗi ta fasa gwiwa, ta gabana za ta wuce da gudu ta tafi can. Mutane na cewa ni mace ce mai tsanani, ba na wasa da yara, idona kamar na shaho. Ba su san a bakin wancan huhun na koyi kallo ba tare da na taɓa ba.

Da na sake haihuwa, tun kafin suna aka fara ɗura mini maganin wanke nono, saiwoyi da ɓawon itace, ɗaci kamar ya tsinka harshe. Ɗacin ya hana ni ko sha’awar goro, in na gan shi ma zuciyata tashi take. Kaina ya yi kamar zai rabe, aka ce magani ne ke fitar da dafi. Yaron ya sha nono ya yi barci ya yi ɓul-ɓul. Haka aka yi a kan ƙannensa duka, kowa na yabon maganin ungozoma, har daga wasu unguwanni ake zuwa karɓa. Da an yaye, in koma wa gorona. Sunan dai bai bar ni ba. Har na aurar da ’ya’ya, in mata sun so su ci mini fuska, sai a ce ai wance ce da nononta ya kusa kisa.

Iya ta rasu, mijina ya rasu, fataucin ya mutu a hannun ’ya’ya, rumfar da muke zama aka rushe aka yi shago. Faccalata ma ta rasu, kuma ’yar farina ce ta yi jinyarta, ita ta riƙe mata kai, ita aka yi wa gaisuwa. Ban ji haushi ba, haƙƙin faccalata ne, ta sha wahalar yarinyar, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba ko da wasa. Ni kuwa ’yar tawa ba ta rage ni da komai ba. Duk Juma’a za ta zo daga Shahuci inda take aure, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, “Yaya, ina wuni,” ta ajiye mini goro a ƙulle a leda, ta tambayi ƙafata, ta tashi. Ladabi cikakke, irin wanda ake yi wa maƙwabciya tsohuwa.

Bara ’yarta ta haihu, jikata ke nan, ta zo wanka gida Shahuci, aka ɗauke ni in je in sa ido. Yarinya ce mai ɗinki, ta saba kwana a kan keke, kuma abin da ke riƙe ta shayi ne baƙi ƙirin, mai kauri, da lemon gwangwanin nan. Filas ba ya rabuwa da gefen katifarta, mijin kuma ya turo katan guda wai ta ji ƙarfi. Jaririn kuwa, ina ɗora ido a kansa na gane. Zaburar nan ce. Karkarwar hannun nan ce. Ido tar, kuka ba dalili. Wata maƙwabciya da ta shigo barka ta dube shi, ta dube ni, ta rage murya ta ce wa ’yata, “Hajiya, a duba nonon fa. Kin san abin a jini yake.”

Na ce, “Ke, tashi ki fita.”

Ta ce, “Haba Baba, daga faɗin gaskiya?”

Na ce, “Ɗauki mayafinki. Duk wadda ta kawo mini ƙoƙo gidan nan, a kanta zan fasa shi.”

Na faɗa ne kawai don zafin rai, amma ni ma abin da nake tsoro ke nan: ko ni na sa musu.

Da suka kai shi riga-kafi suka dawo, jikata ta zube a katifa tana cire hijabi tana mita. “Wai malamar asibiti ta ce ni ce nake hana shi barci. Wai akwai wani sinadari, kafeyin, a shayi da gahawa da lemon nan, yana bi ta nono, jariri kuma jikinsa ba ya iya fitar da shi da wuri kamar na babba, sai ya taru. Wai kaɗan ba laifi, amma nawa ya yi yawa. Har tambayata ta yi wai ina cin goro.” Ta kwashe da dariya. “Goro! Sai ka ce wata ke, tsohuwa.”

Na ce, “Me ya kawo goro a ciki?”

“Wai shi ma yana da shi, sosai ma. Shi ya sa kuke kwana ido biyu kuna sa wa mutane ido.”

Ƙwaryar nan ta goron barka ce ta dawo mini, farare tas, da hannun Iya yana tura mini ɓari. Da farin bakin faccalata. Da ɗacin maganin da ya raba ni da goro a goyon sauran ’ya’yana. Abu ɗaya bayan ɗaya suka jeru a gabana, kamar yadda muke jera goro a faifai. Na tashi na ɗauke filas ɗin, na ja katan ɗin da ƙafa har ƙarƙashin gadon da nake kwana, na zauna a kai.

“Kaka, wallahi kaina zai fashe!”

“Ya fashe. Na san ciwon, ba ya kisa. Sha kunu.”

Ta yi fushi, ta kira mijinta a waya ta ce an kawo mata soja gida. Ta yi kwanaki tana ɗaure kai tana harara ta, irin ta matan gidanmu a farkon azumi. Na rage mata shayin zuwa ɗan tsinkakke da safe. Ban ce ga abin da nake jira ba, amma ko salla na idar idona na kan yaron. A hankali zaburar ta ragu. Wata rana bayan azahar ya saki nono da kansa, kai ya langaɓe, baki a buɗe, hannu a sake. A ƙirjin uwarsa. Aka yi ta shige da fice, murfin tukunya ya faɗi, bai motsa ba.

Ban sani ba ko duk kukan jariri daga nan yake, ni ba likita ba ce, kuma Allah shi ne masani. Amma abin da na gani da idona sau biyu, na gan shi.

’Yata na tsakar gida tana tsince shinkafa, da tabarau a hanci, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. Na ja ƙafa na je na zauna a tabarmarta, abin da ban taɓa yi ba. Ta ɗago da mamaki ta ce, “Yaya, a kawo miki kujera?” Na ce a’a. Na ba ta labarin tun daga ƙwaryar goro har zuwa tururuwa. Ban taɓa yi mata magana mai tsawon haka ba. Da na gama na ce, “Nonona ba shi da dafi. Goro ne. Da an ɗauke ƙwaryar nan daga gabana, da ba a ɗauke ki ba.”

Ta daɗe tana juya shinkafa da yatsa. Sannan ta ce, “To Yaya, da kin yi magana mana a lokacin.”

Na ce, “Da wa?”

Can ta share ido da gefen mayafi ta ce, “Allah ya jiƙan Inna. Kullum sai ta ce mini in riƙa zama a wurinki in na je, ni kuma in na zo sai in rasa abin da zan ce.”

Na ce, “Amin. Ta yi miki abin da uwa ke yi.”

Ba ta rungume ni ba, ni ma ban miƙa hannu ba, mun tsufa da koyon wannan. Ta dai turo farantin tsakaninmu, muka ci gaba da tsince shinkafar tare har aka kira la’asar. Yanzu in ta zo ran Juma’a tana shigowa har ciki ta zauna a bakin gado, wani lokacin har ta yi gyangyaɗi. Yaya take ce mini har gobe, kuma ba zan ce ta sauya ba.

Goron ma ba ta fasa kawowa ba, sai dai ta rage, don likita ya ce jinina na hawa, in bar shi. Haƙora sun tafi, sai na goga shi a magogi nake zubawa a baki. Jikokina na faɗa, wai zai taɓa mini zuciya. Nakan ce su bar ni da ɗan ɓarin nan. Abin da goro zai ɗauke mini ya riga ya ɗauka tun ina da ɗanyen jego, an miƙa shi ɗakin da ke kallon nawa.